Gadon Tafiya: Wanne Ya Kamata Malam Ya Saya?

Kwanakin baya wani malamin makarantar firamare, wanda ya yi karatu a hannuna, ya aiko mini da takarda yana neman shawara. Ya ce ya yi wata huɗu yana tsimi daga albashinsa don ya sayi gadon tafiya, irin mai naɗewa ɗin nan da waɗansu ke kira gadon soja, gama shi ne ke fita da 'yan Sikawut na makarantarsu, in rani ya yi kuwa ya kan bi maharban garinsu kwanan daji. Ya je kasuwa ya tarad da iri uku, kowane mai kanti yana rantsuwa nasa ya fi. Ya rasa na ɗauka, ya komo gida da kuɗinsa a aljihu. Na ce madalla, ya yi abin da ya fi saye cikin garaje.

Na ga kuwa tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Akwai masu duba makarantun ƙauye, da ma'aikatan gandun daji, da malaman allurar shanu, da kuma akawunan da a kan miƙa wa takarda a ce su sayo gadaje goma sha biyu, alhali ba su taɓa kwana bisa ko ɗaya ba. Saboda haka na ga ya fi in ba shi amsa a nan, inda sauran za su gani.

WA ZAI ƊAUKE SHI?

Kafin mutum ya tambayi kuɗin gado, ya kamata ya tambayi kansa wa zai ɗauki gadon. Duk sauran magana a bayan wannan ta ke.

A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, in Di'o ko wani babban ma'aikaci zai fita rangadi, da gadonsa ya kan tafi, mai ƙafafun katako a gicciye da shimfiɗar tamfol. Nauyin gadon bai taɓa damunsa ba, domin ba shi ne ke ɗauka ba. 'Yan alaro ke ɗauka, kowanne da kaya wajen laba 60 a ka, watau kusan kilo 27. Haka manyan mayaƙan Turai su ke tun da. Nafoliyon na Faransa yana da gadon ƙarfe mai naɗewa da a ke bin shi da shi fagen fama, bisa irinsa kuwa ya mutu a tsibirin San Helena cikin 1821. Mu ma ba baƙon abu ba ne a gare mu. Buzaye da Fulanin daji suna da gadon sanduna wanda a ke warwarewa a ɗora wa raƙumi ko takarkari ran tashi. Duk waɗannan akwai mai ɗaukar musu, mutum ko dabba ko keken doki. Malamin da zai goya kayansa da kansa ya hau dutse, lissafinsa dabam ne.

To, mu yi lissafin kamar a aji. Masu yawon ƙasa sun daɗe da yarda kada kayan da mutum ya goya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa. Mai kilo 65 ke nan kada ya zarce kilo 13. Ruwan sha lita 3, kilo 3 ke nan, ba ragi. Guzurin kwana biyu da 'yar tukunya, mu ce kilo 3. Bargo da rigar sanyi da tocila da 'yan magunguna, wani kilo 3. Saura kilo 4, ba a ko sa tanti ba. Gadon soja na alminiyam, watau goran ruwa, ya kan yi kilo 7 zuwa 8, na baƙin ƙarfe kuwa ya fi haka. Ka ga lissafi ya ƙi tun ba a bar gida ba. Na sha ganin yaro ya fito da irin gadon nan a kafaɗa yana taƙama, kafin azahar ya zama nauyin jama'a, ana karɓa-karɓa ana guna-guni.

Akwai iri na biyu, gajere, wanda tsayinsa daga ƙasa bai fi taƙi ba. Asalinsa tsoho ne. Wani Baturen Ingila, Leslie Hounsfield, wanda ya ƙera motar Trojan, ya bar kamfanin motar cikin 1930 ya shiga yin wani gado da ya sa wa suna Safari, aka kuwa yi dubbansa a Yaƙin Duniya na Biyu. Dabararsa ita ce ƙafafun lanƙwasassun ƙarafa ne masu tsalle, in an maƙala su sai su tura sandunan gefe waje, zanen ya ɗame. Gadajen masu hawan dutse na yanzu wannan dabara suka bi, sai dai sun sake ƙarfe da zane. Kamfanin Helinox na Koriya ta Kudu yana yin wani wanda nauyinsa wajen kilo 1.2 ne, tsayinsa santimita 13, an kuwa rubuta zai ɗauki mutum har mai kilo 120. In an naɗe shi ya kan shiga jakar goyo. Aibinsa tsada, gama kuɗinsa ya ninka na gadon soja sau da yawa, in kuwa ƙafa ɗaya ta karye a daji, ba maƙerin ƙauyen da zai gyara ta.

Ra'ayina a nan shi ne, wanda zai hau dutse mai nisa, kamar Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse a Nijeriya tsawo da mita 2,419, inda a ke kwanaki ana tafiya da ƙafa cikin gandun Gashaka Gumti, ya bar gado a gida. Ya ɗauki tabarmar soso irin ta matafiya, wadda ba ta kai rabin kilo ba. Gado na wanda mota ko babur ko jaki zai kai shi masauki ne, ya kafa sansani ya riƙa fita yana komowa.

SANYIN DA KE ZUWA TA ƘASA

Wannan ne abin da masu kanti ba su faɗi, mai yiwuwa don ba su sani ba. Ni ma sai da jikina ya gaya mini.

Wata shekara cikin Janairu na fita da ɗaliban kwalejinmu zuwa duwatsun Shere, gabas da Jos. Garin Jos kansa yana bisa tudu wajen mita 1,200, da dare cikin hunturu kuwa ma'aunin zafi ya kan sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka. Ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829, ga shi kuwa duk hawan mita dubu zafi ya kan ragu da wajen digiri 6. Na san da wannan duka, ni ne ma na koya wa yaran. Mota ta kai mu gindin dutse, na sa aka kafa mini dogon gadona, na lulluɓa da barguna biyu, na kwanta ina tausayin wani dattijo ɗan garin da muka ɗauka ya nuna mana hanya, domin shi ciyawa ya tara ya shimfiɗa buzunsa a kai, ya ja mayafi ɗaya. Kafin tsakar dare bayana ya yi kamar an ɗora shi bisa randa. In na juya, gefen da na kwanta a kai ya ɗauka. Na ƙara riga, na sa safa, a banza. Dattijon nan kuwa sai minshari ya ke yi, har na fara jin haushinsa. Da asuba ya dube ni ya ce, "Malam, ai ka rufe ɗaki ka bar ƙofar baya a buɗe."

Gaskiyarsa. Bargo ba ya kawo ɗumi daga ko'ina, iska ya ke tsarewa cikin gashinsa, jikin mutum ya ɗumama ta. Mai kwana bisa gadon tafiya kuwa, tsakanin bayansa da iskar dare ba kome sai ƙyalle ɗaya. Iska tana ratsawa ta ƙarƙashi, tana kwashe ɗumin da ya taru, wata mai sanyi tana maye gurbinta, haka har gari ya waye. Ko mutum ya shiga jakar barci irin ta Turawa, gefen da ya danne ya riga ya matse, ba sauran iska a cikinsa, don haka ba ya tsare kome. Maganin abin mai sauƙi ne. In barguna biyu gare ka, ɗaya a ƙasa, ɗaya a bisa. In da tabarmar soso ko buzu ko agalemi, a fara shimfiɗa shi bisa gadon. Wanda ya sayi gado don fita cikin hunturu bai sayi abin shimfiɗa ba, rabin kaya ya saya.

Wannan aibi kuwa shi ne babban amfanin gadon in bazara ta yi. Cikin Afrilu, sa'ad da ƙasa ta wuni tana shan rana, da dare tana fid da zafin kamar tanderu, ba abin da ya fi mutum ya ɗaga daga kanta iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa. A nan dogon gado ya fi gajere nesa ba kusa ba. Da damina ma haka, in ruwa ya malalo cikin tanti, mai dogon gado sai ya tura kayansa bisa ya ci gaba da barci.

Sai dai a auna tanti tukuna. Gadon soja tsawonsa wajen santimita 190 ne, faɗinsa wajen 65, tsayinsa daga ƙasa ya wuce 40. Bangon ƙaramin tanti a karkace ya ke, saboda haka da zarar an ɗaga mutum sama sai kansa da ƙafarsa su riƙa gogar bangon, raɓa ko ruwa su jiƙe masa bargo.

MACIJI, KUNAMA DA SAURO

Yawancin mutane tsoron maciji ke sa su neman gado, tsoron kuwa ba na banza ba ne. Kububuwa, wadda a ke wa kirari da gobe da nisa, ita ce ta fi kashe mutane a ƙasashen arewa, asibitin Kaltungo na Jihar Gombe ma saboda saranta ya yi suna. Amma ita yawanci manomi da makiyayi ta ke sara a ƙafa ko a hannu, suna cikin aiki ko tafiya. Wadda ke bin mai barci ita ce gamsheƙa mai tofi. Likita David Warrell, wanda ya yi aiki a Zariya cikin shekarun 1970, ya rubuta cewa da yawa daga waɗanda ta sara da dare ta same su, suna barci. Ta kan shigo neman ɓera ko kwaɗo, mai barci ya motsa ya danne ta.

Gado yana rage wannan hatsari, amma kada a ɗauka ya kawar da shi. Gajeren gado mai santimita 13 ba wani katanga ba ne, dogon ma maciji ya iya hawa in bargo ya zubo ƙasa ya yi masa tsani. Abin da ke tsare mutum da gaske shi ne gidan sauro wanda aka cusa bakinsa ko'ina. Ga inda wahalar ta ke: gadon tafiya ba shi da katifa, to, ƙarƙashin me za a cusa? In an bar gidan sauron yana reto har ƙasa, sauro ya kan shiga ta ƙarƙashi, ya kuwa iya cizon mutum ta cikin siririn zanen gadon. Na ga wanda ya tashi da bayansa duk kurji, yana rantsuwa gidan sauronsa ba huda ko ɗaya. Ka ga tabarmar nan ta sake amfani, gama ita ce ke tare cizo ta ƙasa, ƙarƙashinta kuma a ke cusa bakin gidan sauron. Don haka a wajen saye a duba ko kusurwoyin gadon huɗu suna da ramin kafa sanda. Gadajen soja na ainihi suna da shi. In babu, a tanadi igiya da sanduna huɗu na gora. Gidan sauron kuma ya zama mai magani. Zazzabin cizon sauro ya kwantad da matafiya fiye da yadda maciji ya taɓa yi, sai dai shi ba a ba da labarinsa a bakin wuta.

Kunama kuwa ba a gado ta ke samun mutum ba, a takalmi ta ke jiransa. A kakkaɓe takalmi kowace safiya, kada kuma a sauko da dare sai an haska ƙasa da tocila. In wurin da kwarkwasa ko cinnaka, tsohuwar dabara tana nan: a sa kowace ƙafar gado cikin gwangwanin da aka zuba wa ruwa. Wannan sai dogon gado mai ƙafafu tsayayyu.

A KASUWA

Kada a sayi gado yana cikin jakarsa. A sa mai kanti ya fid da shi, mai saye kuma ya haɗa shi da hannunsa, domin ran da za a haɗa shi a daji magariba ta yi, an gaji, ba mai kanti a kusa. Gadon soja yana da sanduna biyu na kai da na ƙafa. Ta farko ta kan shiga da sauƙi, ta biyun ce ke sa dattijo zufa, gama zanen ya riga ya ɗame. In ta shiga ba wuya ko kaɗan, zanen ya yi sako-sako ke nan, bayan 'yan kwanaki zai zama kamar ƙwarya, mai shi ya riƙa tashi da ciwon baya.

Sa'an nan a kwanta a kai, ko da 'yan kasuwa za su yi dariya. Gado ya fi mai shi tsawo da taƙi guda, im ba haka ba ƙeya da diddige za su kwana bisa ƙarfe. A juya dama da hagu. In akwai sanda a tsakiya da ke taɓa ƙugu, a bar shi, ba a sabawa da ita. A kuma saurara ko yana ƙara.

Inda gado ke fara mutuwa wuri biyu ne, ɗinki da mahaɗa. A juya shi a dubi ɗinkin da ya riƙe sandunan gefe, ya zama layi biyu, zare mai kauri. A dubi inda ƙafafu suka gicciye, in ƙusar ta yi siriri ko tana girgiza cikin raminta, ba za ta yi shekara ba. Mahaɗin roba kuwa ranarmu ta kan busar da shi ya tsage. Ina faɗin wannan da ɗacin rai, domin an taɓa sayo mana gadaje goma a makaranta daga wani kanti, akawun da aka aika ya zaɓi mafi araha don a yaba masa tsimi, ba da mugun nufi ba. A dare na biyu huɗu suka yage daga gefe, ɗaya ya rufta da yaro ƙarfen ya tsaga masa ƙwauri, sai da aka ɗinke. Kuɗin mota da na magani sun fi abin da aka rage. Akawun da aka ba irin wannan aiki ya sayi ɗaya tukuna, ya ba mafi ƙiba cikin ma'aikata ya kwana bisansa mako guda, sa'an nan ya sa hannu a takardar sauran. Nauyin da aka rubuta a jikin kwali kuma, ba a kai shi maƙura, gama an auna shi ne da mutum a kwance, nauyinsa a baje. Mai zama a gefe yana ɗaura takalmi ya tara nauyinsa duka wuri ɗaya.

Game da zane, tamfol na auduga ya fi daɗin kwanciya da zafi, ba ya sa gumi, tela ko baduku kuma ya iya yi masa faci. Amma yana da nauyi, in kuwa aka naɗe shi da danshi sai ya yi fumfuna ya ruɓe. Na zaren roba ya fi sauƙi, yana bushewa da wuri. A kan rubuta masa lamba kamar 600D, watau kaurin zaren, babbar lamba zare mai kauri. Abokin gabansa wuta ne. Tartsatsi ɗaya ya isa ya huda shi, hudar kuwa ta yi ta faɗi. Alminiyam ba ya tsatsa kamar baƙin ƙarfe, amma in ya karye ba kowane mai walda ke iya liƙe shi ba. Baƙin ƙarfe kuwa ko a wane ƙauye mai kasuwa an sami mai gyara shi. Don haka ban raina gadajen da masu waldarmu ke yi ba, irin na masu gadi, in dai mota ce za ta ɗauka. Wanda zai sayi na gwanjo ya bincika lungunan ɗinki saboda kuɗin cizo, ya shanya shi a rana tun bai shigad da shi ɗaki ba.

Maharbi yana da ƙarin abin dubawa. Gado mai ƙara in an juya ba nasa ba ne, gama dare yana kai sauti nesa. A kan rage ƙarar da shafa kakin zuma ko sabulu a mahaɗa. Ya zaɓi launin ƙasa ko kore, ya kafa gadon nesa da wuta, a gefen da iska ba ta kai tartsatsi. Ban ce ya tafi da shi ko'ina ba. Gandun Yankari, wanda aka keɓe cikin 1956, da Gashaka Gumti da sauran gandayen gwamnati, an hana farauta cikinsu, akwai kuma dokar 1985 da ta hana kashe dabbobin da ke neman ƙarewa. Dazuzzuka da dama kuma yanzu ba su kwanuwa saboda ɓarayin daji, malamin da zai fita da 'ya'yan mutane lalle ya nemi shawarar hukuma da ta dagacin wurin kafin ya sa rana.

Shi malamin da ya rubuto, tun da ya ce motar makaranta ce ke kai 'yan Sikawut sansani, wajen maharba kuma da babur ya ke zuwa, na ce ya sayi gadon soja na alminiyam mai ramin sandar gidan sauro. In an naɗe shi tsawonsa wajen mita ɗaya ne, ya ɗauru a bayan babur. Abin da ya ragu na kuɗin ya sayi tabarmar soso, wadda ita kaɗai zai ɗauka ran da tafiyar ta zama ta ƙafa. Ya kuma nemi tsofaffin silifa ya yanka gida-gida ya riƙa sa wa ƙarƙashin ƙafafun, don kada su nutse cikin rairayi ko su huda ƙasan tanti. In ya komo daga daji ya shanya gadon a inuwa har ya bushe sarai, sa'an nan ya rataye shi a bango, kada ya jingine shi a ƙasa inda gara da ɓera za su same shi.